Yadda ake daidaita bayas a tsofaffin amfilifaya

Tsofaffin amfilifaya, wato na'urorin ƙara ƙarfin sauti, irin su Pioneer, Sansui da Kenwood na shekarun 1970 suna nan da yawa a gidajen Kano, kuma wasunsu ba mutuwa suka yi ba, bayas ɗinsu ne ya kauce. Bayas shi ne ɗan lantarkin da ke ratsa manyan taransistoci ko da ba a saka sauti ba. Idan ya yi ƙasa, sauti yakan riƙa kakarewa, musamman in an rage murya. Idan ya yi yawa, ƙarfen sanyaya yakan ɗau zafi har taransistocin su ƙone.

Kafin komai, duba bayan na'urar, domin wadda aka kawo daga Amurka ta bolt 120 ce, ta Jafan kuwa bolt 100, alhali wutarmu 230 ce. Idan ta daɗe a ajiye, kunna ta da farko ta cikin ƙwan fitila mai wat 60 irin na da. Ƙwan ya haska sannan ya dushe, to lafiya. Ya ci gaba da haske sosai, akwai inda waya ta haɗe, sai a kashe nan take. Amma ka cire ƙwan kafin aunawa, domin yana rage wuta, ya sa mitar auna lantarki ta ba ka lissafin ƙarya.

Cire lasifika, mayar da murya sifili, ka bar na'urar a kunne minti 15 zuwa 20. Fara da auna bakin lasifika: abin da ya haura milibolt 50 yana nuna matsala, wadda dole a gyara tukuna. Daga nan ka maƙala wayoyin mita a kan razistan emita, wato razistan da ke haɗe da ƙafar babban taransista da ake kira emita, wanda galibi om 0.22 ne ko 0.47. Maƙala su da ɗan kama yayin da na'urar ke kashe, don zamewar tsinin mita sau ɗaya ya isa ya ƙona taransista biyu. A kan om 0.22, milibolt 10 na nufin kusan mili'amfiya 45. Adadin da ya dace yana cikin littafin kamfanin na'urar, kuma shi za ka bi, ba kunnenka ba.

Juya ɗan maɓallin bayas da sukudireban roba, kaɗan kaɗan, kana jira tsakanin juyi da juyi har lambar ta tsaya. A ganina, duk maɓallin da ya shekara 40 yana shan ƙurar hunturu gara a sauya shi tun kafin a taɓa, domin a wasu na'urorin idan ya yanke, lantarki kan kwarara gaba ɗaya.

Zafin Afrilu a Kano yakan wuce digiri 40, saboda haka kada ka ɗaga bayas sama da abin da aka rubuta. Mayar da murfin, jira rabin awa, sannan ka sake auna ɓangaren hagu da na dama.