Daga Alli Zuwa Teburin Akawu: Yadda Malami Zai Koma Aikin Majalisa

Shekara tara na yi ina riƙe da alli kafin a mayar da ni ma'aikatar ilimi, daga can na nemi canjin aiki zuwa majalisar dokokin jiharmu, inda na yi ritaya ina darakta. Malamai matasa kan tare ni su ce, "Baba, ta ina aka bi?" Ga abin da nake gaya musu.

Kafin komai, ɗauki biro ka yi lissafin shekarunka. A tsarin tarayya, mai digiri yana shiga aiki a matakin albashi na 08. Daga 07 zuwa 14 shekara uku-uku ake jira kafin jarrabawar ƙarin girma, daga 15 zuwa sama kuma huɗu-huɗu, darakta yana kan 17. Ma'aikaci yana ajiye aiki idan ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 yana aiki, amma dokar 2022 ta ba malaman makaranta 65 ko 40. Ka ga ke nan, a inda ake aiki da dokar, barin aji yana iya cinye maka shekara biyar. Idan ka haura hamsin kana mataki na 12, ni dai shawarata ka yi zamanka.

Idan lissafi ya yi, canjin wurin aiki za ka nema ta hannun hukumar kula da ma'aikatan majalisa, don shekarunka da matakinka su biyo ka. Kada ka ajiye aiki ka yi sabon lale. Takardar ɗaukar aiki, ta tabbatarwa, da kowace ta ƙarin girma, yi musu kwafi ka adana a gida. Fayil yakan yi ƙafa a ofishin rajista.

In hali ya yi, bi ta ma'aikatar ilimi tukuna, ka manne wa sashen tsare-tsare da kasafi. A nan na gane yadda kuɗin ilimin bai ɗaya ke tafiya: dokar ilimin bai ɗaya (UBE) ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shigar gwamnatin tarayya, jiha kuma ba za ta taɓa kasonta na gine-gine ba sai ta zuba kwatankwacinsa. Wanda ya san wannan, ranar da kwamishina ya zo kare kasafi gaban kwamitin ilimi, shi shugaban kwamiti zai riƙa waiwaya.

Kwamiti kuwa shi ne makarantar gaske. Haddace ƙa'idojin zaman majalisa kamar yadda kake sa yara haddar sau-sau, sannan ka ajiye jan biro a gida. Rahotona na farko ya koya mini haka. Wani mamba ya kawo gyara da ke cewa gwamnati "tana iya" samar da littattafai kyauta. Ni kuwa, da halin malanta, na ga abin da ya dace shi ne "wajibi ne", na gyara masa. Ana karanta rahoto a zauren majalisa ya miƙe ya ce ba haka ya faɗa ba, aka dawo da rahoton. Akawun majalisa, wato shugaban ma'aikatanta, ya kira ni ofis, bai ɗaga murya ba, ya ce, "Malam, nan ba aji ba ne. Abin da aka faɗa ake rubutawa." Kalma biyu ce, amma ɗaya zaɓi ta ba gwamnati, ɗayar bashi ta ɗora mata.

Ka kula da ranaku. Ƙuduri idan ya tsallake karatu na uku aka miƙa wa gwamna, kwana 30 tsarin mulkin 1999 ya ba shi ya sa hannu ko ya ƙi, bayan nan kashi biyu bisa uku na mambobi na iya mayar da shi doka. To yaushe aka fara ƙirga? Littafin kai saƙo ne zai faɗa. Kada masinja ya dawo sai da sa hannu da kwanan wata.

Kwas kuma kada ka jira a tuna da kai, rubuta ka nema: cibiyar horaswa ta NILDS a Abuja don aikin majalisa, kwalejin horar da ma'aikata ta ASCON a Badagry don sha'anin mulki.

Saura abu mafi wuya. Kujerar akawu tsarin mulki ne ya kafa ta, sashe na 51 a tarayya, na 93 a jihohi, kuma ranar buɗe sabuwar majalisa shi ke jan zaman farko har a zaɓi kakaki. Mambobi suna zuwa su tafi duk shekara huɗu, don haka kada a san ka da zama yaron wani. Na ga abokin aiki mai ƙwazo da ya riƙa ɗaukar wa kakaki jaka har gida. Aka tsige kakakin ranar Talata, kafin Juma'a an mayar da mutumin nan ɗakin ajiyar tsofaffin fayiloli, can ya ƙarasa shekarunsa.