Yadda Ake Kafa Ajin Intanet a Kan Sabar Makaranta

Makarantar da ke son koyarwa ta intanet ba tare da ta danƙa bayanan ɗalibanta a hannun wani kamfani ba tana iya ɗora manhajar koyarwa a kan saba tata, wato kwamfutar da ke kunne dare da rana tana amsa masu shiga. Manhajoji biyu ne suka fi dacewa da aikin, dukkansu kyauta, kuma kowa na da damar duba yadda aka gina su har ya gyara.

Moodle, wadda Martin Dougiamas na Ostareliya ya fitar a 2002, ita ce ke riƙe darussa da jarrabawa da makin ɗalibai. Tana buƙatar PHP, wato harshen kwamfuta da aka rubuta ta da shi, da rumbun bayanai irin MariaDB ko PostgreSQL. Wajen girka ta, a ajiye jakar moodledata inda masu ziyartar shafin ba za su kai gare ta ba, domin a cikinta ayyukan da ɗalibai suka tura suke zama. A kuma saita cron, wato tsarin da ke gudanar da ayyuka da kansa a kan lokaci, ya riƙa gudana kowane minti ɗaya, in ba haka ba saƙonni ba za su fita ba.

Darasin kai tsaye kuwa aikin BigBlueButton ne, wadda aka faro a Jami'ar Carleton ta Kanada a 2007, kuma tun daga Moodle 4.0 ake iya haɗa su cikin sauƙi. A ganina kuskure ne babba a cusa ta a saba ɗaya da Moodle, saboda murya da bidiyo suna cin ƙarfi sosai. Masu ita sun nemi a ware mata saba mai Ubuntu, wato babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar, da ma'adanar aiki (RAM) ta gigabait 16 da ƙwayoyin sarrafawa (CPU) 8. Idan ɗalibi ya shiga aji yana ganin allo amma ba ya jin malami, a fara duba katangar tsaro, wato tsarin da ke tace abin da ke shiga sabar, domin galibi ƙofofin UDP da murya ke bi, daga lamba 16384 zuwa 32768, ne ke rufe. Haka kuma burauza ba ta yarda a kunna makirufo sai shafin yana da HTTPS, wato haɗi mai tsaro, kuma hukumar Let's Encrypt na ba da shaidar HTTPS kyauta wadda ake sabuntawa.

A riƙa kwafe rumbun bayanai da jakar moodledata kullum zuwa wata na'ura dabam, sannan kafin zangon karatu ya fara a gwada maido da kwafin a kan saba ta gwaji, a tabbatar makin ɗalibai ya dawo cif.