Yadda Za Ka Kare Wayarka Da Bayananka A Tafiya

Ana yawan tambayar yadda mutum zai kare wayarsa da bayanansa in zai yi tafiya, to ga matakan bi da bi.

Kafin ka tashi:

1. Kwafe hotuna da takardunka zuwa ma'ajiyar intanet, wato Google Drive ko iCloud.
2. Sabunta manhajojin wayar.
3. Kulle allon da lambar sirri, amma ban da shekarar haihuwarka.
4. Kunna tabbatarwa mai mataki biyu a imel ɗinka, wato bayan kalmar sirri sai ka shigar da wata lambar tabbatarwa kafin ya buɗe.

Hattara, a nan ake yawan tuntuɓe: in ta saƙon tes lambar take zuwa, layinka kuma ba ya aiki inda za ka, ka kulle kanka a waje ke nan. Rubuta lambobin ko-ta-kwana, waɗanda imel ɗin ke bayarwa don shiga in lambar ba ta zo ba, a takarda tun kana gida.

5. Danna *#06#, ka rubuta lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, a wani wuri daban da wayar.

A hanya:

6. Kashe Bluetooth.
7. Kada ka buɗe manhajar banki a Wi-Fi na filin jirgi ko otal. Datarka ta fi aminci.
8. Yi caji da cajarka a soket, ba ramin USB na jama'a ba.
9. Riƙe kwamfuta a jakar hannu.
10. In wayar ta ɓace, kira kamfanin layinka su toshe layin nan take.