Rubutu ya yi dishi-dishi a burauza: kurakuran da na gaji da gani

Wallahi na gaji. Duk yaron da ya fara haɗa shafin intanet sai ya kwafo -webkit-font-smoothing: antialiased ya manna a CSS ɗinsa (lambobin da ke tsara kamannin shafi) wai don rubutu ya fito fes. Malam, layin nan a Mac kawai yake aiki, shi da ɗan'uwansa na Firefox, -moz-osx-font-smoothing. A Windows ko gezau. Kuma ko a Mac ɗin sirantar da haruffa yake yi, in ka haɗa shi da font (salon haruffa) mai nauyin 300, wato siriri, da launin toka-toka to ka gama da idon dattijai.

Amma wanda ya ci min kuɗi daban ne. Na taɓa yi wa wani kwastoma shafi da Hausa, ya kira ni wai rubutun kamar kaza ta yi tonon ƙasa. Kwana biyu cur ina juya layin smoothing ɗin nan, in cire in mayar, har ClearType na kwamfutarsa (abin da ke gyara fitowar rubutu a Windows) na sa shi ya sake saitawa da manhajar cttune, ashe font ɗin da na zaɓa ne ba shi da ƙ da ɗ da ɓ kwata-kwata, burauza kuma ba ta faɗa maka, shiru za ta yi ta aro harafin daga wani font ta cusa a tsakiyar kalma, sai ka ga "ƙasa" ƙ ɗin ya yi ƙiba sauran sirara. Rabin kuɗina ya riƙe, kuma da gaskiyarsa. Tun daga nan kafin in taɓa komai sai na rubuta "ɓarawo ya ɗauki ƙwarya" da font ɗin, manya da ƙanana, in zura ido. Font ɗin Noto Sans da na Andika suna da haruffan nan. In kana rage girman fayil ɗin font ka yanke ka bar latin zalla, wato haruffan Turanci, kai da hannunka ka zubar da su, kar ka zagi Chrome.

Bold (rubutu mai kauri) ɗin bogi ma haka: ba ka loda nauyin 700, wato bold na ainihi, ba, burauza ta kumbura haruffan da kanta, su fito dagwalgwal.

translate(-50%, -50%), da ake sa abu a tsakiyar shafi da shi, kan iya ajiye rubutu a rabin fiksel (ɗigon allo) ya yi hazo, ni flex, wata hanyar jera abubuwa a CSS, nake amfani da shi yanzu.

Shi kuwa text-rendering: optimizeLegibility, mai sa burauza ta ƙara aikin daidaita haruffa, a dogon shafi, ƙaramar waya ce ke shan wahala, ni tuni na daina saka shi a body, wato kan shafin gaba ɗaya.