Yadda Za Ki Haɗa Wa Yaro Abincin Makaranta a Jos

Da farko, uwargida, ki cire lemon kwalba da biskit daga jakarsa. Sukarinsu na tara wa yaro ƙiba tun yana ƙarami, ga ruɓewar haƙora. Ruwa ya ishe shi.

Sai ki dafa dankalin Turawa ko acca, dafawa fa, ba suya ba. Ki yanka karas da kabejin kasuwar Farin Gada, ki haɗa da dafaffen ƙwai. Ni dai na fi son yaro ya wanke karas ɗin da hannunsa, ya fi saurin ci.

Ki zuba daidai cikinsa, kada ki tilasta masa cinyewa. In ya dawo, a kashe talabijin, ya fita wasa aƙalla minti 60.