Yadda Ake Shirya Zaman Koyo Na Rukuni A Gidan Gona

Akwai ilimin da ba ya zama a kai idan a ɗakin taro aka karɓe shi. Mutum zai yi kwana uku a otal ana haska masa hoton gonar tumatir a bango, ya karɓi takardar shaida, ya koma gida bai iya ciro dashe ba tare da ya katse saiwa ba. Wannan ne ya sa ƙungiyoyin matasa, da matan adashi, da ɗaliban aikin gona, har da ma'aikatan da ritaya ta ƙarato musu, suke haɗa kai su tare a gidan gona na mako ɗaya ko biyu, su kwana can su tashi can, su koyi abu da hannunsu.

Tsarin ya daɗe. Cibiyar Songhai da Godfrey Nzamujo ya kafa a Porto-Novo ta Jamhuriyar Benin a 1985 a kansa ta ginu: mai koyo yana zaune a gonar, yana ganin yadda kashin kaji ke komawa taki, ragowar amfanin gona ke komawa abincin dabba. Makarantun noma na Gidauniyar Leventis, irin ta Panda a jihar Kano da ta Dogon Dawa a jihar Kaduna, su ma a can ɗalibi yake zama kusan shekara guda. Ku kuwa kwana bakwai ko goma ne a hannunku, don haka kowace rana sai an san abin da za a yi da ita tun kafin a hau mota.

Mataki na farko: ku tsayar da abu ɗaya

Ku zauna ku amsa tambaya guda: idan mun dawo, me kowannenmu zai iya yi da kansa? Kiwon tarwada ne, ko kajin gidan gona, ko noman rani, ko kiwon turke na ragunan layya? Rukunin da ya ce duk zai koya, yawon buɗe ido zai yi ya dawo. Abu ɗaya babba, sai ƙarami guda da ke jingine da shi, kamar noman rani da haɗa takin gargajiya, ya wadatar.

A nan ne kuma za ku yanke yawan mutane. A ganina kada ku haura ashirin. Da zarar an wuce haka, mutum biyar ne za su riƙe fartanya, saura su tsaya a inuwa suna ɗaukar hoto.

Mataki na biyu: lokaci da wurin da ya dace

Gona ba ta bin kalandar ofis. Mai son koyon noman rani ya nufi watannin Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da wurare irin su Kadawa da Kura, masu shan ruwan madatsar Tiga, suke cike da tumatir da albasa da alkama. Mai son ganin shuka da firi da maimai, damina zai jira. Mai son koyon ajiyar hatsi, kaka ce lokacinsa, ya ga da idonsa yadda ake zuba wake a buhun PICS mai ninki uku a ɗaure kowane ninki daban, iska ta ƙare wa ƙwari su mutu ba tare da an sa magani ba. Idan kuma gyaran ƙasar da ta gaji ne damuwarku, manoman yankin Maradi sun yi nisa a sassabin zamani tun shekarun 1980, wato barin tohon kututture ya girma ya zama itace a cikin gona, kuma a ƙarshen rani ne aka fi ganin aikin.

Ga wani abu da masu shiri suka cika mantawa. Mako ɗaya ba ya isa a ga abu daga farkonsa zuwa ƙarshe. Ƙwan kaza kwana 21 yake yi kafin ya ƙyanƙyashe. Kajin nama suna ɗaukar mako shida zuwa takwas. Tarwada takan kai wata huɗu zuwa shida kafin ta isa kasuwa. Irin tumatir yana yin mako uku zuwa huɗu a wurin reno kafin dashe. Saboda haka gonar da za ku nema ita ce wadda take da kowane mataki a tsaye lokaci guda: ga 'yan tsaki, ga masu tasowa, ga waɗanda za a sayar jibi. A irin wannan gona, abin da zai ci wata biyar sai ku zagaye shi cikin kwana biyar. Gonar da ta zuba kaji zubi ɗaya, komai kyan gininta, shafi ɗaya na littafin za ta nuna muku.

Mataki na uku: a tura mutum biyu su gano

Gani ya kori ji. Kada ku biya ko sisi kan hoton da aka turo a WhatsApp. Ku tura mutum biyu, mace da namiji idan rukunin gauraye ne, domin abin da mace za ta lura da shi game da banɗaki da wurin wanka da ƙofar da ke kullewa ta ciki, namiji zai wuce bai gani ba. Su duba inda ruwan sha yake fitowa, rijiya ce ko burtsatse, kuma wa ke kunna injin. Su ƙirga ɗakuna da katifu. Su tambayi wuta: sola ce, janareto ne, ko babu. Su gwada waya a kusurwoyin gidan su ga layin da ke kamawa. Su auna tafiyar da ke tsakanin gonar da asibiti mafi kusa, da agogo, a kan hanyar da za a bi da gaske.

Sai maganar tsaro, wadda a yau ba a yi mata kara. Su tambayi mutanen gari, ba mai gonar kaɗai ba, don shi baƙi yake so. Direbobin tasha da masu shayi sun san hanyar da ake bi da wadda aka daina bi bayan la'asar. In zuciya ba ta kwanta ba, a sauya wuri. Babu darasin da ya kai ran mutum.

Kafin su juyo, mai gonar ya raka su gaida dagaci ko mai unguwa, a faɗa masa ranar zuwa da yawan mutane da abin da ya kawo su. Baƙi ashirin ba sa sauka a ƙauye a ɓoye, kuma wanda ya shigo ta hannun mai gari, gari ne ke tsaronsa.

Mataki na huɗu: yarjejeniya da kuɗi

A rubuta komai, ko a takarda ɗaya ce: kwana nawa, abinci sau nawa, wa zai koyar, awa nawa a rana, wa zai sayi man janareto, me zai faru idan an fasa. Ku nemi sanin wanda zai koyar da sunansa. Sau da yawa mai gonar a birni yake, wanda ya san aikin shi ne manajan da ke kwana da kajin. Shi kuke buƙata, kuma a sa masa nasa hasafin a lissafi.

Ku naɗa ma'aji guda, a ware kashi ɗaya cikin goma na kuɗin don larura. A riƙe tsabar kuɗi daidai gwargwado, domin mai POS na iya yin nisa.

Mataki na biyar: kayan tafiya

Gidan sauro shi ne na farko, musamman da damina ko kusa da fadama. Sai takalmin roba mai rufe ƙafa har ƙwauri, tocila, malfa, tufafin aiki kala biyu da ba a jin tausayinsu, buta da darduma, sabulu, bokiti, da littafin rubutu mai kauri da biro. In da hunturu ne, bargo da rigar sanyi da man shafawa, don sanyin fili ba irin na cikin gari ba ne. Mai hawan jini ko ciwon suga ko asma ya taho da maganinsa da zai ishe shi har da ƙari, ya kuma sanar da shugaban tafiya tun a gida. A tashi da sassafe domin a isa da rana tsaka.

Mataki na shida: tsarin yini

Wannan shi ne zuciyar zaman, kuma a nan rukunai da yawa suke ɓarar da damarsu, su kwana hira su tashi ƙarfe tara rana ta riga ta buɗe. Da sanyin safiya ake kama fara. Daga sallar asuba a sha koko ko kunu, kafin ƙarfe bakwai kowa yana bakin aiki, domin a lokacin ne ake ba kaji abinci, ake duba ruwan kifi, ake sakin ruwa a fangali. A yi aikin hannu har wajen sha ɗaya. Tsakiyar rana ta hutu ce da wanka da abinci da azahar. Bayan nan a zauna a inuwa a yi darasin baki: lissafin jari, farashin dusa da taki, cututtuka da alamominsu. Da la'asar sakaliya a koma fili a yi dashe, don tsiron da aka dasa da yamma yana samun dare guda ya farfaɗo kafin rana ta same shi. Bayan isha'i a yi zaman rabin awa, kowa ya faɗi abu ɗaya da ya koya da abu ɗaya da bai gane ba, a miƙa wa malami tambayoyin da safe.

A raba mutane huɗu-huɗu ko biyar-biyar, ana juya su kullum: yau waɗannan a akurki, gobe a wurin reno, jibi a madafa. Kada a bar girki da wanke-wanke a kan mata alhali su ma kuɗi suka biya su koya. Ko a ɗauki mai girki daga gari, wanda hakan ma alheri ne ga mutanen wurin, ko aikin ya zagaya kan kowa.

Littafin nan da na ambata, lamba ake so a ciki. Mudu nawa aka ba kaji ɗari yau? Taku nawa tsakanin kunya da kunya? Nawa aka sayi buhun abinci, kwana nawa ya yi? Hoton waya ba zai tuna muku wannan ba ranar da kuka tsaya a gaban mai sayar da kaya. Ku kuma roƙi manajan ya ba ku labarin asarar da gonar ta taɓa yi da abin da ya jawo ta. Wanda ya ji yadda kifi dubu suka mutu dare ɗaya saboda an ƙi sauya ruwa, ba zai manta da sauya ruwa ba.

Mataki na bakwai: dokokin gona da lafiya

Dokar mai gona ba wulaƙanci ba ce. Idan aka ce a tsoma takalmi a ruwan magani kafin shiga ɗakin kaji, a tsoma. Tun da murar tsuntsaye ta ɓulla a Najeriya a 2006, a wata gona da ke Jaji a jihar Kaduna, masu kiwo suka san cewa ƙafar baƙo na iya share jarin shekaru. Kada wanda ya fito daga wurin manyan kaji ya wuce kai tsaye wurin 'yan tsaki. Kada a tsinki ko tumatir ɗaya sai an ba da izini, domin ana iya yin feshi jiya. Robar maganin feshi kuwa ba a zuba ruwan sha a cikinta ko an wanke ta sau goma.

Da dare ba a fita babu tocila, ba a sa takalmi da safe sai an zazzage shi, saboda kunama da kububuwa. In tsautsayi ya faɗa maciji ya sari wani, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya tamau. A cire zobe ko agogo, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa asibiti nan take. Asibitin Kaltungo a jihar Gombe ya yi suna a wannan fanni, amma ku tun ranar leƙen wuri ya kamata ku san asibitin kusa da ke ajiye allurar dafin maciji, kuma mota ta kwana a gidan da mai a cikinta. Ruwan da ba a yarda da shi ba a tafasa. Wanda gudawa ta kama a haɗa masa ruwan gishiri da sukari: ƙaramin cokali shida na sukari da rabin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta.

A cikin gari kuma, a yi shiga irin ta mutunci, a gaida manya, kada a ɗauki hoton matan aure ko yara ba da izini ba.

Mataki na takwas: ranar tafiya

Daren ƙarshe kowa ya rubuta abin da zai fara cikin kwana talatin, daidai ƙarfinsa, ko kaji ashirin ne a bayan gida ko buhu goma na alayyafo, ya karanta a gaban 'yan'uwa. Da safe a share ɗakuna, a mayar da kayan aiki a ƙirge, a biya duk abin da aka fasa, a sallami ma'aikatan gonar da ɗan alheri, a koma a yi wa dagaci ban kwana. Ku karɓi lambar manajan, ku tambaye shi lokacin da ya fi son a kira shi, sannan ku sa ranar da za ku haɗu bayan wata ɗaya a gidan ɗayanku, kowa ya zo da littafinsa a duba abin da aka fara da inda aka maƙale.