Yadda Ake Sa Manhaja Ta Kasa Kunne Ga Firestore

Wani ɗan kasuwa a Tudun Hatsi, cikin Gombe, ya sa na haɗa masa manhajar karɓar odar masara da wake. Kokensa ɗaya ne: sai yaron shago ya yi ta danna allo kafin sabuwar oda ta fito. Maimakon manhaja ta riƙa tambayar saba, wato babbar kwamfutar da ke ajiye bayanan a intanet, kowane minti, sai na sa ta zauna ta kasa kunne, duk abin da ya shigo a turo mata nan take.

Da farko ka buɗe aiki a Firebase, dandalin Google na masu haɗa manhaja, wanda a cikinsa ne rumbun bayanai na Firestore yake, ka kwafo bayanan haɗinsa. Ka girka laburarensa, wato tarin umarnin da aka riga aka rubuta don haɗa manhaja da shi, da `npm install firebase`, sannan ka kira `initializeApp` da `getFirestore`.

Na biyu, ka taƙaita abin da za ka saurara. Kada ka ɗauko duk rumbun oda. Ka yi amfani da `query` da `where` ka zaɓi waɗanda ba a sallama ba tukuna.

Na uku, ka miƙa wannan tambayar ga `onSnapshot`, umarnin da ke kasa kunnen. A nan ne mutane ke ruɗewa. Kiran farko yana zubo maka duk abin da ya dace da tambayarka a rumbun a lokacin, ba sabo kaɗai ba. Ni dai na manta da haka, wayar Alhaji ta yi ta ƙara kamar ranar kasuwa saboda tsofaffin oda. Ka tsallake karon farko kafin ka kunna ƙararrawa, daga baya kuma ka duba `docChanges()`, wanda zai gaya maka ko an ƙara ne, ko an gyara, ko an cire.

Sai batun netwok. Idan layi ya yanke, laburaren da kansa yake sake haɗawa. Amma ka kunna ajiyar cikin waya, domin in ba haka ba duk sake haɗuwa za a lissafa ta kamar sabuwar tambaya, ga shi Firestore da yawan bayanan da aka karanto yake lissafin kuɗinsa. Ko da ka kunna, in yankewar ta wuce minti 30, lissafi ya koma farko. Karatu 50,000 ake ba ka kyauta a rana, kuma shago mai hada-hada yana iya cinye su.

A ƙarshe, `onSnapshot` yana dawo maka da umarnin rufewa. Ka ajiye shi, ka kira shi duk lokacin da mutum ya bar shafin oda.